Toka a Gindin Mahuwa

Kai da ka buɗe wannan littafi, ko ke, a rufe a mayar inda aka ɗauko. Ba don kowa na rubuta ba. In ɗana ne ko 'yata, kun san abin da nake yi wa mai taɓe-taɓe. In baƙo ne, ka sani karanta abin da ba naka ba sata ce, ko da ba ka fita da komai a aljihu ba. Na dai gaya maka.

Litinin, 18 ga Maris

Daji ya tuɓe. Itatuwan katako na sagwan sun zubar da ganye kaf, daga ƙofar gida ana hango tudun bayan rafi wanda da damina ba a gani. Rafin ma yashi ne kawai. Bishiyar mahuwa, wadda muke cin furenta muna sayarwa, ta fara ƙamshi. Na je na ɗaura tsumma a bishiyoyinmu uku na bakin rafi, waɗanda kakan yara ya bari, don kada wani ya yi kamar bai san masu su ba.

Busasshen ganye ya kai ƙwauri a gindinsu. Dole a share kafin fure ya fara zuba, in ba haka ba ya shige ƙarƙashi, a yini ana tono kamar kaji. Furen nan shi ne abincinmu da gishirinmu har damina.

Ɗana Manohar ya samu aikin tsaron gobara na rani a gandun daji. Ya shigo da rigar kaki yana ɗaga kafaɗa. Na ce riga ba ta sa mutum ya zama mutum, ya wanke hannu ya ci abinci.

'Yata Ranjana ta samu gurbi a makarantar jinya ta birni. Da ruwan farko za ta tafi. Ban yabe ta ba. Yabo yana lalata yara.

Laraba, 20 ga Maris

Jami'in daji ya zo ya tara ƙauye. Maganar kowace shekara: ba a cinna wuta a gindin mahuwa. Kowa ya sunkuyar da kai kamar bai taɓa ganin ashana ba, alhali rabin ƙauyen nan haka suke yi, su ƙone ganyen don fure ya faɗo kan baƙar toka a tsince shi da sauƙi.

Jamna, maƙwabciyata mai dafa giyar mahuwa, ta ce, "Yallaɓai, to ka aiko mana da matarka ta taya mu shara mana." Aka yi dariya.

Na miƙe na ce ƙona gindin bishiya aikin ragwaye ne, kuma tun da aure ya kawo ni gidan Atram ba a taɓa yi ba, tsintsiya muke sawa. Jami'i ya ce a yi koyi da ni.

A hanya Jamna ta ce, "Sannu Malama Sakhu mai aji goma. Gobe a ba ki kaki ke ma." Ban kula ta ba. Warin giya take yi tun da hantsi.

Asabar, 23 ga Maris

Gwiwata ta kumbura, ban iya zuwa ba. Na tura Ranjana ita kaɗai. Ta yini, ta dawo ta ce gindi ɗaya ta gama, wai ganyen sagwan iska na dawo da shi. Fure kuwa ya fara faɗowa.

Na ce ina kamarta ukun nan nake sharewa da goyo a baya. Na ce mai son ta riƙa wanke marasa lafiya a birni ba za ta kasa tsintsiya ba. Na ce gobe kada ta dawo min gida sai gindin ukun ya yi fes.

"To, Inna," ta ce.

Lahadi, 24 ga Maris

Wuta. Tun bayan azahar, da iska ta tashi. Ta haye tudu.

Litinin, 25 ga Maris

Har yanzu tana ci ta wajen gora. Ana jin gorar na fashewa daga nan. Maza duk sun tafi da ɗanyen reshe. Na dafa shinkafa na aika, don an ce kowane gida ya aika.

Toka na sauka a tsakar gida. Na rufe randa. Wani ɗawisu ya shigo garken shanun Jamna ya tsaya, ba wanda ya kore shi.

Ranjana ta dawo jiya da yamma ba tsintsiya. Ta zauna a bayan ɗaki. Ban tambaye ta tsintsiyar ba.

Talata, 26 ga Maris

An kashe. Ta tsaya a hanyar da su Manohar suka share don tsaida wuta. Sashe biyu na gandu sun tafi, har da ƙananan sagwan da aka dasa bara.

Manohar ya dawo da ƙuna a hannun dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ina shafa masa man kwakwa yana kallon ƙasa. Ya ce, "Inna, jami'i ya bi sawun wutar. Ana duba gefen da itatuwa suka yi baƙi, a bi iska a baya. Ta kai shi gindin bishiyarmu ta tsakiya. Tsummanki yana nan, bai ƙone ba."

Na kira Ranjana. Ban ɗaga murya ba, muryar ma ba ta zo ba.

"Ni ce, Inna," ta ce. "Na ga rana na tafiya."

Masu ƙonawa sun san yadda ake yi. Su fara share zobe mai faɗi kewaye da bishiya, su cinna da sassafe kafin iska ta motsa, mutum biyu ko uku a tsaye da ɗanyen reshe. Ita ta ga dai ana cinnawa. Sauran ba ta sani ba, don a gidana ba a yi. Ta kyasta da rana tsaka. Ganyen sagwan kuwa faɗi gare shi kamar faranti, in ya kama yakan tashi sama da wutarsa.

Na dafa miyar wake. Mun ci. Gishiri ya yi daidai.

Alhamis, 28 ga Maris

Saƙo daga ofis ta bakin shugaban ƙauye. Ranar Litinin wanda ya cinna ya je ya bayyana kansa. In ba wanda ya je, bana ba za a bar ƙauyen nan shiga gandu tsinkar ganyen tendu, wanda ake sayarwa masu naɗa taba, ba. Wannan kuwa abincin kowa ne, har da gidajen da ba su da ko bishiya ɗaya.

Wanda ya je, ƙara ce za a shigar. Makarantar jinya ba ta ɗaukar mai ƙara a kansa. Sun faɗa tun ranar da muka kai takardunta.

A rijiya na tarar da mata. Wata ta ce wa wata, "Ashe tsintsiyar gidan Atram tana hayaƙi." Na cika tuluna na wuce. Na jira in ji kunya, ba ta zo ba. Kamar ana maganar wata mata a wani ƙauye.

Na gaya wa Ranjana ranar Litinin za ta je ta faɗa da bakinta, ni zan raka ta. Haka na rene su. Wanda ya ɓata, shi zai tsaya.

"To, Inna."

Ta fara sa safa a cikin gida, a wannan zafin. Salon birni tun ba a je ba.

Juma'a, 29 ga Maris

Manohar ya same ni ina gasa gurasar dawa.

"Inna, bari in ce ni ne. Aikin rani ne, ko ba haka ba da damina za a sallame ni."

Na ce ƙarya kenan.

"Ƙarya ce, sai me? Ke kika ce kada ta dawo gida."

Na ce ban ce ta ɗauki ashana ba.

"Ba ki ce ba. Ke ba kya cewa komai, sai dai mutum ya rasa hanya."

Na ce ya iya bakinsa, ba da sa'arsa yake magana ba. Na ce ubansa ya mutu ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ba kuma za a fara daga kan ɗansa ba. Ya ce Baba da yana nan da shi zai je ya share da kansa. Ya fita bai ci ba.

Gurasa ɗaya ta ƙone ina kallo.

Asabar, 30 ga Maris

Na lallaɓa da sanda har bakin rafi. Manyan bishiyoyin sun sha, gindinsu ne ya yi baƙi. Fure na zuba kan toka, fari tas, ko makaho zai tsinta. Ban taɓa ganinsa a fili haka ba. Birai ne ke ci. Ban sunkuya ba.

Lahadi, 31 ga Maris

Ranjana ta wanke zanenta shuɗi ta shanya. Littattafanta ta ɗaure da igiya ta ɗora a kan rumbu. Ba wanda ya sa ta.

Litinin, 1 ga Afrilu

Mun fita da safe. Hanyar ofis ta ratsa inda ya ƙone. Ba tsuntsu, ba inuwa, ƙafa na nutsewa a toka. Kututture nan da can yana hayaƙi har yanzu.

Ni mai ciwon gwiwa ina gaba, ita tana baya tana jan ƙafa. Na tsaya na jira, na sake tsayawa. A karo na uku na ce mata in tana tsammanin nawa zai sa a tashi ofis kafin mu isa, ta yi kuskure, kuma wanda bai yi nawa wajen kyasta ashana ba kada ya yi nawa wajen amsawa.

Ta zauna a kan dutse. Na ga safar ta jiƙe ta ƙasa, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa. Na ce ta cire. Ta ce a'a Inna, mu tafi. Na durƙusa na cire da kaina. Ta manne, sai da na ja.

Babu fata a tafin ƙafar. Duka biyun. Ya yi ruwa, gefe ya fara wari.

Na ce mene ne wannan.

Ta ce da wutar ta fita daga gindi ta bi ta tana takawa, silifas ɗin ya narke, ta cire ta ci gaba da takawa. Har bakin rafi ta bi ta.

Na ce kuma da wannan ƙafar kike ɗebo min ruwa kwanakin nan?

"Kin ce gwiwarki."

Na ce me ya hana ki faɗa.

Ta dube ni kamar na yi mata tambaya da wani yare. Ta ce, "Ni na jawo, Inna."

Na yage gefen zanena na naɗe mata. Na ce ta zauna nan kada ta motsa, zan turo yayanta da keke. Ta ce ofis fa? Na ce ba da ke nake shawara ba.

Jami'i yana zaune, fanka na juyawa. Manohar a tsaye bakin ƙofa da kakinsa da hannunsa a naɗe. Jami'i ya ba ni kujera. Ya ce, "Baiwar Allah, ke ce kika yi magana a taro ko? Wa ya yi wannan aiki a gidanki?"

Na ce ni.

Ya ajiye biro. Ya ce an gaya masa 'yata aka gani ta nufi rafi ranar.

Na ce na tura ta da safe, ta kasa, na kore ta gida na je da kaina.

"Da wannan gwiwar?"

Na ce gwiwar ce ta hana ni shara.

"Ke kika kyasta, da hannunki?"

"Da hannuna, Yallaɓai."

Ya juya ga Manohar. "Kai, haka ne?"

Ban waiwaya ba. Fankar na ƙara. Can Manohar ya ce, "Ina bakin aiki ranar, ranka ya daɗe. Abin da Inna ta faɗa, ban taɓa jin an musa ba."

Aka rubuta, aka karanta min. Suka kawo tawada in dangwala yatsa. Na ce na iya sa hannu. Shugaban ƙauye ya tsaya min aka sake ni, sai kotu ta kira.

A waje na ce wa Manohar ƙanwarsa na kan dutse wajen mararraba, ya kai ta asibitin bakin titi. Ya buɗe baki. Na ce keke na ce ka ɗauko.

Na dawo ni kaɗai. Na sha ruwa. Na share tsakar gida.

Laraba, 3 ga Afrilu

Likita ya ce da an ƙara 'yan kwanaki, da wata magana ake yi. Ya yi min faɗa a gaban mutane, wai wace irin uwa. Yaro ne ƙarami, bai girmi Manohar da yawa ba. Na bar shi ya gama.

Juma'a, 5 ga Afrilu

An ce za a buɗe wa ƙauye gandu lokacin tendu. Mu an hana mu bishiyoyinmu bana.

Yara na bi na da waƙa, Malama mai ashana. Iyayensu na ji ba sa hanawa. Da ni ce ma ba zan hana ba.

Asabar, 6 ga Afrilu

Jamna ta shigo ba sallama da kwandon busasshen fure a ka. Ta dire a ƙofar madafi.

Na ce ba na karɓar kayan giya.

"Kai, ji mata! Wannan bai ga tukunyar giya ba tukuna, Malama. Ki dafa wa yarinya da gari, ƙafa ba ta warkewa da wa'azi."

Ta leƙa ɗaki ta ga Ranjana a kwance, ta dawo ta rage murya. Ta ce ranar Lahadin da wuta ta tashi tana ƙasan rafi tana itace.

"Jami'i ya tambaye ni me na gani. Na ce Yallaɓai, ni ranar Lahadi ko kaina ba na gani, bare mutum." Ta yi dariya ita kaɗai. "Amma ke fa, Sakhu, ashe kin iya ƙarya. Mu masu yi kullum sai an kama mu. Ke sau ɗaya kika yi har da sa hannu."

Na ce ta fitar min daga gida.

Ta fita. Kwandon yana nan. Da yamma na dafa.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Ranjana ta fara takawa da dafa bango. Yau ta zo bayana ina yanka albasa.

"Inna, abin da kika faɗa a ofis..."

Na ce ta miƙo min barkono.

"Ke fa kika ce wanda ya ɓata..."

Na ce barkono na ce, kuma ta koma ta zauna kafin ta fama ciwon.

Da safe na je wurin bauta na bakin ƙauye kamar kullum. Na zuba ruwa, na tsaya. Ba abin da na faɗa. Ba abin da ya zo.

Talata, 14 ga Mayu

Kotu a birni. An kira sunana, an ɗage. Na ga makarantar jinyar ta tagar bas, fentinta rawaya.

Tendu ya fara. Ina ɗaura ganye a gida, Manohar na kaiwa. Shi ma ba mai yawan magana ba ne yanzu. Amma jiya ya saya min man shafa gwiwa, ya ajiye ya fita. Almubazzaranci.

Lahadi, 23 ga Yuni

Ruwa ya sauka cikin makon nan. Inda ya ƙone ya fi ko'ina saurin kore. Sagwan ya fitar da ganye, tudu ya sake ɓacewa.

Gobe Ranjana za ta tafi, bas ɗin farko. Tana ɗingisawa kaɗan, likita ya ce zai ragu. Shari'ata an sake ɗagewa sai bayan damina. Lauyan gwamnati ya ce wa shugaban ƙauye mai yiwuwa tara ce, mai yiwuwa fiye. Ba na tunaninsa sosai.

Na yi mata kitso, na daɗe ban yi ba. Ta ce na ja da ƙarfi. Na sassauta, don dai kada gashin ya karye.

Bayan mun ci abinci na ce su biyun su zauna, ina da magana. Manohar ya ce, "To fa, ga wa'azi." Na ce ya rufe min baki.

Na ce daga baɗi, in an mayar mana da bishiyoyinmu, ba mai zuwa gindin mahuwa shi kaɗai. Tare za a tafi, a share iya abin da hannu ya iya, rana ta yi zafi a dawo gida. Abin da ya rage, birai su ci. Kuma duk wanda ya ji ciwo a gidan nan, a ranar zai faɗa, ko da shi ya jawo wa kansa. Faɗa yana nan, ban ce babu ba. Amma sai an sa magani tukuna.